Yadda Kada Ya Cinye wa Royce Kujerar Kumbo

Idan ana lissafin mutanen da garinsu ya zalunta, to a fara da Royce Tillery na garin Coker, kuma duk wanda ya musa, bai zo bikin kifi na bara ba. Mutum ya shekara talatin yana kashe wa jama'a gara da kyankyasai. Babu gidan da bai lulluɓe da tantinsa mai ratsin ja da rawaya ya yi masa feshi ba, har da gidan Fasto, wanda ba a ma kira shi ba, lambar gida ce ta rikice masa. Amma ranar da bawan Allah ya tashi zuwa sama, sai gari ya taru ya riƙe masa ƙafa.

A Coker roka ba baƙuwa ba ce. Daga bakin kogi ake hango inda ake harba ta, idan ta tashi kofuna su yi rawa a kan kanta, karnuka su yi haushi, kowa ya ci gaba da sabgarsa. Sai dai kullum 'ya'yan wasu ke tashi. Da wani kamfani ya fara sayar da kujera ga duk mai ƙarfin saye, a kai mutum tashar nan da ke kewaya duniya ya yi 'yan kwanaki ya dawo, Royce ya sayar da gonar lemon da ya gada, ya sayi kujera. Kafin tawada ta bushe ya sa an rubuta a jikin duk motocin feshinsa: MAI KASHE GARA NA FARKO A SARARIN SAMANIYA.

Abu biyu Royce ke tinƙaho da su a duniya. Na farko, bai taɓa ciwo ba.

"Ni ƙwayar cuta idan ta hango ni hanya take canzawa," in ji shi a shagon aski, inda ba a tambaye shi ba. "Shekara talatin ina shaƙar guba. Sauro ya cije ni, shi ake yi wa jana'iza."

Na biyu kuwa kada ne, wanda ya danne da hannunsa a magudanar ruwan bayan makarantar firamare, mai tsawon ƙafa goma sha biyu. A shekarar da abin ya faru ƙafa shida ne, amma kowa ya san kada dabba ne da ba ya daina girma.

Dokar kamfani ce kowane fasinja ya kawo ɗan ko-ta-kwana, wanda za su yi horo tare, in mai kujera ya samu matsala shi ya hau. Royce ya duba duk garin, ya zaɓi Odell, wan matarsa Lurleen, dattijon coci, mutumin da idan ƙwan fitilarsa ya mutu sai ya kira maƙwabci saboda tsoron tsani.

"Me ya sa sai ni, suruki?" in ji Odell.

"Saboda kai kaɗai na tabbata ba za ka yi mini addu'ar karaya ba."

Bai yi kuskure ba. Tun daga ranar Odell ke yi wa Royce addu'ar lafiya safe da yamma, fiye da yadda yake yi wa 'ya'yan cikinsa.

Saura mako biyu a tashi, aka kwashe matafiya da 'yan ko-ta-kwanansu aka killace su a wani gida mai shinge a bakin teku. Likita Benavides, wata gajeruwar mace da ba a taɓa ganin haƙoranta ba, ta tara su a falo.

"Tashar can ba ta da tagar da za a buɗe," ta ce. "Mura ɗaya ta shiga, ta kama kowa. Don haka duk wanda ya haɗa numfashi da mutumin waje, ya sauka daga kumbo tun kafin ya hau. Ba na jin roƙo."

"Likita," in ji Royce, "ai wannan doka ta masu raunin jini ce."

"Ta masu hanci ce, Mista Tillery. Kana da hanci?"

Royce ya taɓa hancinsa.

To, ga inda zaluncin ya soma. Bikin kifi na Coker, wanda ake yi da jerin gwano da makaɗa da soyayyen kifi har a ture, ya faɗo a Asabar ɗin tsakiyar killacewar, kuma majalisar gari ta sa masa suna Ranar Royce Tillery. Shi da kansa ya bayar aka ɗinka rigar 'yan sama jannati ta kwaikwayo, fara fat, da kwalkwali mai baƙin gilashi, domin Boyd, shugaban ma'aikatansa, ya saka ya tsaya a bayan mota yana ɗaga wa mutane hannu a madadinsa. A lokacin dabarar ta yi masa kyau. Da Asabar ta matso sai abinci ya daina shiga.

"Ka duba fa," ya ce wa Odell ranar Juma'a, bayan ya tura ƙofa. "Gari guda zai taru ya yabe ni, Boyd ne zai ji. Boyd da kunne ɗaya ma ba ya yi masa aiki. Wannan ai almubazzaranci ne."

"Za a nuna a talabijin."

"Yabo a talabijin kamar shinshina miya ne ta waya. Gobe ni zan shiga rigar nan."

Odell ya zame daga kujera ya sauka a kan gwiwoyinsa. "Royce, don girman Allah. Don darajar ƙanwata. Ni ko benen coci ba na hawa."

"Saurara, kai matsoraci. Me Likita ta ce? Haɗa numfashi. Mutum a cikin riga a rufe ruf, da wa ya haɗa numfashi? Ai na fi ku killacewa. In je, in ji, in dawo kafin abincin rana. Kai dai in an tambaye ka, ka ce ina barci."

"Ba na ƙarya."

"To ka cika bakinka da kek."

Kowace safiya ana barin matafiya su taka a bakin teku, kowa shi kaɗai. Royce ya taka har ƙarshen shinge, ya waiga, ya haura. Shingen ya riƙe rabin wandonsa a matsayin shaida. Ya ratsa taɓo har gwiwa, sauraye suna ta kashe kansu a wuyansa, har ya kai inda Boyd ke jira da kwale-kwale, fuskarsa rufe da takunkumin feshi kamar yadda aka umarce shi.

"Kada ka yi numfashi ta wajena," in ji Royce.

Boyd ya juya kai gefe.

Rigar dai da awon Boyd aka ɗinka ta, Boyd kuwa siriri ne kamar sandar kamun kifi. Sai da ya taka tumbin maigidansa da ƙafa, ya ja zik da filaya, sannan ta rufe, tana kuka a kowane ɗinki. Da aka kifa kwalkwali, Royce ya nuna wuyansa, ya nuna salatif ɗin nan mai kauri da suke liƙe tanti da shi don kada guba ta fita.

"Nawa?" in ji Boyd.

"Duka!" in ji wata murya kamar daga cikin rijiya.

Boyd mutum ne mai bin umarni. Ya naɗe shi duka, ya bar 'yar kafa a ƙeya don kada a ce shi ya kashe shi.

Hantsi ya yi, rana ta buɗe irin ta Florida, wadda ke dafa ƙwai a kan bonet ɗin mota. Aka ɗora Royce a bayan a-kori-kura, tsakanin roka ta kwali da ƙaton kyankyaso na roba. Makaɗa suka buga, yara suka yi ihu, ya ɗaga hannu. Zufa ta cika masa takalma, amma zuciyarsa fari ƙal. Wannan shi ne abin da ya zo nema.

Sai mota ta tsaya a gaban shagon aski, Vernon mai aski ya ɗare ya ƙwanƙwasa kwalkwali kamar mai gwada kankana.

"Boyd! Sannu da azaba. Shi yana can yana shan sanyi, kai ya dafa ka a buhu ko? Haƙuri, saura kaɗan. Mu dai a shago mun haɗa baki, za mu rubuta wa kamfanin nan mu ji ko suna da tikitin zuwa kawai."

Ɗan sama jannati ya daina ɗaga hannu.

"Ɗaga mana, Boyd, kada ya rage maka albashi!"

Hannu ya koma sama, a dunƙule.

A kwanar coci Fasto ya matso, ya dafa takalmin rigar. "Boyd, ɗana, Allah ya saka maka. Ka gaya wa maigidanka mun sa shi a addu'a ranar Lahadi, mun roƙa a kai shi lafiya."

Kwalkwali ya sunkuya, alamar godiya.

"Maganar dawowa kuwa mun bar wa Ubangiji, Shi ya fi mu sanin abin da gari zai iya ɗauka."

Da aka iso filin biki, inda hayaƙin man suya ya turnuƙe, Lurleen ta hau motar riƙe da ƙaton kofin shayi mai ƙanƙara. Ta dubi kwalkwali, ta dubi tumbi, ta daɗe a kan tumbin.

"Boyd," ta ce, "ka yi ƙiba."

Ɗan sama jannati ya ci gaba da ɗaga hannu.

"Ka san wani abu? Tunda aka killace Royce na gano ashe agogon falonmu yana ƙara. Tun aurenmu yake rataye a wurin, ban taɓa ji ba." Ta kurɓi shayi a hankali, dab da gilashin, ƙanƙara na kaɗawa. Sannan ta rage murya. "Da a ce mijina ne a cikin rigar nan, wanda na san ba shi ba ne, don ko shi wautarsa ba ta kai nan ba, da na ce masa ya kame bakinsa, ya ɗaga hannunsa, ya koma inda ya fito. Gonar lemo guda ce a kan kujerar nan. Ka ji, Boyd?"

Kwalkwali ya gyaɗa.

A can gidan killace kuwa, Likita Benavides ta kunna talabijin don matafiya su ga karramawar abokinsu, ta ce a taso shi. Odell ya haɗiye kek na huɗu da kyar.

"Yana kallo, Likita," ya ce. "Ya samu wuri mai kyau."

A yi wa Royce adalci, domin ba mai yi masa: ya daure. Ya daure wa mai aski, ya daure wa Fasto, ya daure wa agogo. Da Magajin Gari Hollis Greer ya kama lasifika ya fara jero alheran ɗan gari, Royce ya ji duk wahalar ta biya. An ambaci garar da ya kora daga ɗakin karatu. An ambaci kyankyasan ofishin 'yan sanda. Hawaye suka haɗu da zufa a cikin kwalkwali.

"Kuma wa zai manta," in ji Magajin Gari, "ranar da wannan jarumi ya ceci yaran firamare daga wani ɗan kada mai ƙafa huɗu?"

Ɗan sama jannati ya daskare.

"Uku!" Vernon ya ƙwala daga baya.

Shugabar makarantar, tsohuwa Misis Gaskins, wadda ta zo da mura kamar famfo da hankici a kowane hannu, ta miƙe daga sahun gaba. "Ni na gan shi da idona, Hollis. A bokiti aka tafi da shi."

"Ƙadangare ne ya sha ruwa!" wani ya ƙara.

Fili ya kwashe da dariya. A bayan mota wani abu ya fara gurnani. Ɗan sama jannati ya buga ƙafa, ya ware hannuwa iya tsawonsu, ya ga ba su isa ba, ya taka daga wannan ƙarshen mota zuwa wancan yana nunawa.

"Boyd na rawa," in ji Fasto.

"Ba rawa ba ce, zafi ne ya taɓa masa kai!"

Royce ya kama kwalkwali da hannu biyu ya ja. Salatif ɗin da ke riƙe guba a gida mai hawa biyu bai ga dalilin sakin wuyan mutum ɗaya ba. Ya ja, ya murɗa, ya yi baya, ya ci karo da kyankyason roba, su biyun suka rungumi juna suka faɗo daga mota, suka sauka a cikin bahon garin masarar da ake birkiɗa kifi. Rigar ta ga iyakar haƙurinta, ta fashe daga baya tun daga wuya har inda shinge ya riga ya yi nasa aikin.

"A kira 'yan kwana-kwana! Boyd zai mutu!"

"Wane Boyd?" in ji matar da ke suya. "Ga Boyd nan yana cin kifi."

Kowa ya waiga. Ga Boyd kuwa a gindin bishiya, takunkumi a goshi, faranti a cinya. Ya ɗaga musu ƙashin kifi, alamar gaisuwa.

"To wane ne a ciki?"

Lurleen ta zauna a bakin mota ta ci gaba da shan shayinta.

'Yan kwana-kwana biyu suka danne kafaɗu, ɗaya ya sa almakashi, mai suya ta zuba ludayin mai mai sanyi a wuya. Aka ja, kwalkwali ya fita da ƙara kamar an buɗe kwalba. Wani kai ja wur ya bayyana, yana tururi, gari ya manne masa har gira. Mai ɗaukar hoton talabijin ya matso. Kan ya ja numfashi ɗaya, ya saki:

"ƘAFA GOMA SHA BIYU!"

Fili ya yi tsit, har ana jin kifi na soyuwa.

"Royce, ɗana!" Misis Gaskins ce ta fara farfaɗowa. Ta taho da sandarta, ta kama kumatunsa, ta sumbaci dama, ta sumbaci hagu, ta ɗan ja baya, ta lumshe ido, ta yi masa atishawa a tsakiyar fuska. "Yi haƙuri, duk makarantar ce ta kamu."

Makarantar kuwa tana nan, domin ita za ta rera waƙar karramawa. Yara suka yi masa caa, masu tari da masu majina, kowa na son taɓa ɗan sama jannati. Shi kuwa Royce, da ya ga lasifika a kusa kuma babu gilashi tsakaninsa da ita, sai komai ya fita daga kansa. Ya karɓe ta daga hannun Magajin Gari, ya fara labarin kada tun daga farko, yana gaisawa da jama'a da ɗaya hannun. Ya kai daidai inda kadan ya buɗe baki, wayar Lurleen ta yi ƙara. Ta duba, ta taso, ta kara ta a bakin lasifikar.

"Mista Tillery," muryar Likita Benavides ta cika fili, "ba sai ka wahalar da kanka ka dawo ba. Za mu aiko maka da kayanka, har da rabin wandon."

Daga bayanta ana jin wani dattijo yana kiran sunan Ubangiji da ƙarfi.

Royce ya dubi wayar, ya dubi yaran, ya tuna inda ya kamata a ce yake. Amma namiji ba ya faɗuwa sau biyu a rana ɗaya.

"Likita," ya ce, yana maƙale murya, "kin yi kuskure. Wannan Boyd ne. Mista Tillery yana ɗakinsa yana barci."

"To, madalla. Boyd, ka taimake ni da tambaya ɗaya, na ji ana gardama. Kadan nan na maigidanka, an ce a bokiti aka tafi da shi?"

"A babbar mota! Mutum shida suka ɗaga shi, ni na riƙe kan!"

"Na gode, Mista Tillery."

Wayar ta mutu.

Ranar tashi sai da aka riƙe Odell ta hammata biyu har ƙofar kumbo, yana karanta duk abin da ya haddace a coci, har da addu'ar cin abinci. Roka ta tashi, kofuna suka yi rawa a Coker, karnuka suka yi haushi. Kwana biyu bayan haka aka nuno shi a talabijin daga tashar, yana shawagi kansa a ƙasa, yana murmushi har kunne. Wai ya gano cewa a can babu faɗuwa, kuma shi dama faɗuwar yake tsoro, ba hawan ba. An ce da kyar ake ɓanɓare shi daga taga. Da aka tambaye shi ko yana da saƙo ga mutanen gida, sai ya ce a gode wa surukinsa, mutum mai kyauta.

Ga kuma abin da magabta ba sa son a faɗa: murar ba ta kama Royce ba. Ta kama Vernon, ta kama Fasto, ta kwantar da 'yan kwana-kwana duka uku. Royce ko tari bai yi ba.

Da yammacin da aka ce tashar za ta gitta ta saman Coker, gari ya fito bakin kogi da kujerun naɗewa, kowa da hankici. Royce na bin su ɗaya bayan ɗaya, yana buga ƙirji, yana shaƙar iska da ƙarfi don a ji hancinsa a buɗe yake.

"Me na gaya muku? Me na gaya wa likitar nan? Tsohuwa ta yi mini atishawa a ido, makaranta guda ta shafa mini majina. Ga ni. Ko atishawa ɗaya! Lurleen, faɗa musu, na yi atishawa?"

"Ba ka yi ba, masoyi."

"Kun ji ko? Wa ya yi gaskiya?"

"Kai ka yi," in ji Lurleen. "Ɗaga kai, ga gonar lemonka can tana wucewa."

Ya ɗaga. Wani ɗigon haske ya fito daga yamma, ya ratsa sama a natse, ba sauri ba tsayawa, mutane na ɗaga masa hannu suna kiran Odell. Royce ya bi shi da ido har ya ɓace a bayan bishiyoyi.

"Daga nan ma an fi ganinta sosai," ya ce.

Babu wanda ya musa masa. Kadan kuwa, bana ƙafa goma sha huɗu ne.